Ƙeyar Tanimu

Litinin, 9 ga Nuwamba 1998, bayan la'asar

Mansur ya sa aka kira ni telesantar, shagon buga waya. Na bar allon wanzamin da nake yi wa fenti, kan mutum rabi da aski rabi babu, na tafi da sauri don na zata jaridarmu ce za ta farfaɗo. Tare muka yi mata aiki, shi a Yamai yana buga labarai a ordinatar, wato kwamfuta, ni ina aika zane daga nan Tawa kowane mako, har ranar da aka rufe ta. Ko in ce ta rufe kanta, tunda haka aka ce mu riƙa faɗa.

Ba maganar jarida ba ce. Albishir wai zai yi mini: Tanimu ya shiga sinima.

Tanimu shi ne mutumin da nake zanawa tun shekarar da aka sakar wa jaridu baki. Ɗan ci rani ne, adaka a ka, akwatin kayansa ke nan, kullum yana barin gari. Yana wuce layin masu jiran albashi, ya wuce taron ƴan siyasa, ya jefa magana ɗaya ya yi gaba. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, ƙeyarsa kawai nake zanawa. To, ashe tun bara Mansur ya kwashe tsofaffin zanen ya zuba su a abin nan da suke kira intanet, bai tambaye ni ba. Wani proje, irin ƙungiyoyin nan na taimako, mai kula da lafiyar ƴan ci rani ya gani, ya nemi izinin mai jarida, ya mai da shi zane mai motsi. Ranar ɗaya ga Disamba za su haska shi a nan, daga nan su bi ƙauyuka.

Na ce ta yaya zai yi motsi bai juyo ba? Mansur ya yi dariya.

"Ai ya juyo, Jibo."

Talata, 10 ga Nuwamba, da safe

Ya juyo. Wa ya ba su fuskar?

Alhamis, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Mutanen Yamai suna ganin Tanimu dabara ce ta mai zane. A Tawa kuwa ko mai tallar goro ya san ƙeyar wane ce. Ta yayana ce, Sa'idu. Haka na gan shi na ƙarshe a tasha, ya ɗora adaka, kafaɗar hagu ta saɓule tun faɗowar da ya yi daga raƙumi yana ƙarami, ya ce sai ya dawo, bai waiwayo ba. Na dawo gida na zana abin da na gani, sunan kawai na canza.

Sa'idu ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko yana zaune gabanta sai dai ta ce a ba wancan ruwa. Amma Tanimu ba ɗanta ba ne, babu kunya tsakaninsu. Kowane mako sai ta ce, "Ina Tanimu ya kwana wanga mako?" In nuna mata, in karanta mata abin da ya ce, ta yi tsaki ta ce bakinsa zai ja masa. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin kwalla. Da wannan sunan aro ta yi ta tambayar ɗanta, mu kuma muka yi kamar ba mu gane ba.

Shekara uku ke nan da wani abokin zamansa a Abijan ya kawo mana adakar. Ya ja ni bayan gida ya gaya mini abin da ya gaya mini. Ni kuma na shiga na ce wa Inna zazzaɓi ne. Aka yi addu'ar bakwai, aka watse. Makon da ya biyo baya na aika zane kamar kullum, kuma ban daina ba sai da jaridar ta daina.

Wannan ne wasu da ko hanyar Tawa ba su sani ba suka ɗauka suka yi wa fuska.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Na tsaya gidan maƙwabcinmu mai tele, wato talabijin, don in ga irin abin da ake yabo. Yara cike da tsakar gida, baki buɗe, ana nuna musu desen anime, zanen nan mai motsi. Wani mai ƙaton hanci ne dutse ya faɗo masa, ya baje kamar waina, ya tashi ya kaɗe jiki. Mota ta bi ta kansa, ya tashi. Aka hura shi, ya fashe, ya tashi. Yaran na ta kyakyata dariya, ni ko haushi kamar in kashe musu abin.

Ba hassada ba ce. Na san aiki ne, an ce sai an yi zane barkatai kafin hannu ɗaya ya ɗaga. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba su bar wa mai kallo komai ba. Ni in na zana Tanimu bakin tasha, na sake zana shi bakin iyaka, tafiyar da ke tsakani mai karatu ne ke yinta. Kowa ya sa tasa ƙishirwar, da jandarman da ya taɓa tare shi, da wadda ya baro tana kuka. Shi ya sa kowane gida a ƙasarmu ta Adar suke ganin nasu ne. Wannan kuwa an tauna an ba ka, haɗiya kawai za ka yi.

Zaliha, matata, ta ce tun da na shigo nake faɗa da mutanen da ba su san ina yi ba, in ci tuwona tun bai huce ba.

Litinin, 16 ga Nuwamba, da azahar

Na je buron proje, ofishinsu. Shugabarsu wata Madam Kadidiya ce, ta tarbe ni da fara'a har da ba ni kujera mai laushi, ta ce girmamawa ce su ga uban Tanimu. Ta sa kaset.

Na ga adakata, na ga faci biyu na bayan rigar. Kafaɗar da ta saɓule kuma ta dama ce, sun juya zanen wajen kwafa, ba wanda ya lura. Sai ƙafafun suka motsa. Shekara bakwai ina zana tafiyar nan ban taɓa ganinta ba.

Sai ya juyo. Idanu dara-dara kamar na mai ƙaton hancin jiya, haƙora a waje, kumatu kamar an cusa masa dawo. Ya buɗe baki ya yi magana da muryar wani ɗan rediyo.

Daga nan an nuna shi a Abijan, an nuna fitilu da kiɗa da wata mata a bakin ƙofa. An nuna kumatun suna zubewa. An nuna shi a tabarma yana tari, adaka a gefensa. Sai murya ta faɗi sunan ciwon sau uku, a hankali, don kada wani ya rasa ji. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na ce mata ba za a nuna wannan a Tawa ba. Ta ce mai jarida ya sa hannu, an riga an ɗauki ranar, an gayyaci manya. Ta ce kuma sunana yana nan a ƙarshe da manyan baƙaƙe. Sunana! Wato bayan an tsiraita shi a fili, a rubuta cewa ƙanensa ne ya riƙe fitila.

Ban gaya mata dalili ba. Da na gaya mata, na faɗi abin da shekara uku ban faɗa wa uwata ba.

Talata, 17 ga Nuwamba, da asuba

Duk zanen da ke cikin tele dutse na danne shi ya tashi. Nawa ne kaɗai suka ga damar kashewa.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

Ni na kira Mansur yau. Na ce ya cire zanena daga intanet ɗinsa. Ya ce zai iya cirewa daga inda ya sa, amma wanda ya riga ya kwafa ya kwafa. Ya shiga yi mini lacca: a can waje masu zane sun fara barin jaridu, kowa na sa zanensa kullum da kansa, babu kuɗin takarda, babu mai gyara maka magana, babu ɗan sandan da zai zo da mota ya kwashe. Ya ce duniya duka za ta ga Tanimu.

Duniya duka, ban da Tawa. A nan wa ya taɓa ganin abin da idonsa? Wutar ma sai ta ga dama. Jaridarmu ko ba ta sayu ba tana ƙarewa wajen mai tsire, a naɗe wa mutum nama da ita, ya ci ya buɗe ya karanta Tanimu da maiƙo a jiki, ya miƙa wa na kusa. Na san masu karatuna, suna tare ni a kasuwa su ce wannan makon ban kyauta ba. Shi kuwa Mansur ya saki abina kamar jakin da aka kwance bayan girbi, duk gonar da ya ga dama ya shiga, duk wanda ya kama shi ya ɗora masa kaya.

Na yarda akwai daɗi a ce babu mai kwashe maka aiki. Na san ɗacin wannan, an yi mana. Amma ɗan sanda in ya kwashe, ƙonawa yake yi. Bai taɓa zama ya yi wa Tanimu haƙora ba.

Mansur ya ce wallahi shi taimako ya yi niyya, ya ga ina fentin allunan wanzamai abin ya dame shi. Na san gaskiya ya faɗa. Na ajiye wayar duk da haka.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da yamma

Dabara ta zo mini: Inna ta tafi Kalfu wajen ƙanwarta ta yi mako biyu. Na kawo zancen a fakaice, na ce Goggo Aminata ta daɗe tana ƙorafi. Inna ta dube ni ta ce ita da ta dawo daga can kafin girbi, mi za ta koma yi, ko na gaji da ita ne.

Da muka shiga ɗaki Zaliha ta gaya mini cewa motar sinimar daga Tawa Kalfu za ta fara zuwa, sai Bambeye, sai Affala, a rediyo ta ji. Ta ce in ina so in ɓoye Inna sai dai in kai ta Makka. Na ce wannan ba abin dariya ba ne. Ta ce ta sani.

Sai ta ce wata magana da ba ta yi mini daɗi ba. Wai ina ta gadin ƙofa, gidan ko ba shi da katanga. Na tambaye ta mi take nufi, ta ɗauki tulu ta fita.

Laraba, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi tunanin in sami mai kula da injin wutarsu in yi masa magana, ko a zuba ƙasa a man. Ni, mutumin da ya yi shekaru yana zagin masu hana a ga abu. Na bar tunanin, amma bai bar ni ba sai wajen azahar.

Alhamis, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na koma wajen Madam Kadidiya. Na sauke murya, na roƙa. Na ce su canza sunan, ko su cire adakar, ko su nuna shi a Maraɗi da Damagaram su tsallake Adar. Ta ce Adar ɗin ai ita ce dalili. Ta ce sun liƙa hotuna iri-iri a tasha, da fuskokin da ba wanda ya sani, mazanmu na jingina da su suna cin rake. Tanimu ne kaɗai in ya yi magana suke tsayawa. Ta ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Na ce wanen nan yana da uwa.

Ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi. Ta daɗe tana dubana, na ga ta gane, na kuma tsani kaina da na bari ta gane.

"Malam Jibrilla, Allah shi jiƙan shi. Ban sani ba, wallahi." Ta nuna taga, inda ake jin motocin tasha. "Amma wanga wata kaɗai motoci nawa sunka tahi da samari? Kowanensu da uwa tai."

Na tashi na fito ba sallama. Tana da gaskiyarta. To sai me? Gaskiyar tata ce ta ba ta ikon yin wa'azi da gawar ɗan'uwana?

Lahadi, 29 ga Nuwamba, da rana

Mota da lasifika tana zagaya kasuwa: a zo a ga Tanimu ya juyo. Mutane sai tare ni suke yi suna barka, wani ma ya ce yanzu na zama babban mutum kada in manta da su. Wanzamin da na bar wa allo rabi ya ce ba komai, in gama idan na sauko daga sama.

Na dawo na tarar Inna ta sa an wanke mata zanenta na saƙi, wanda ba ta ɗaurawa sai da salla. Na ce mata wurin zai cika, ga tsayuwa, ga ƙafarta. Ta ce Zaliha za ta riƙe mata kujera.

"Shekara nawa ina ganin ƙeya tai," in ji ta. "In ga hwuska tai kuma sai ka hana ni?"

Talata, 1 ga Disamba, kafin magariba

Sun kafa farin ƙyalle a fili. Inna ta shirya tun la'asar. Ban ci komai ba.

Laraba, 2 ga Disamba, da safe

Na tsaya can baya inda nake hango ta. Zaliha ta kafa mata kujera a gaba cikin mata. Da adakar ta bayyana fili ya ɗauki sowa, ana kiran Tanimu, Tanimu. Da ya juyo aka yi ta dariya da tafi. Inna ba ta motsa ba.

Da aka zo wajen tabarma sai dariyar ta mutu. Muryar ta faɗi sunan nan sau ukun nata. Wani a kusa da ni, bai san ina bayansa ba, ya ce wa abokinsa, "Ashe abin da yac ci Sa'idu na Inna Rakia ke nan." Abokin ya ce ai an daɗe da sani. Na ga kawunan mata suna juyawa wajen Inna ɗaya bayan ɗaya, suna komawa. Ita tana zaune a miƙe, hannu bisa gwiwa, har sunana ya fito da manyan baƙaƙen da aka yi mini alkawari.

Wasu samari da ke shirin tafiya wannan makon sun tsaya wajen motar suna yi wa likitan proje tambaya. Na gani. Ban ji daɗi ba, ban kuma iya jin haushi ba.

Muka taho gida mu uku, ni ɗauke da kujerar. A bakin ƙofa Inna ta ce, kamar da kanta take magana, kafaɗar ba ita ba ce. Ta shiga ɗakinta.

Yau da safe ta amsa gaisuwata kamar kullum. Na fi son ta zage ni.

Alhamis, 3 ga Disamba, da hantsi

Ta aiko Zaliha ta kira ni, ta ce in zo da takarda da alƙalamin aikina. Na tarar ta ɗaga kwallar ta fito da duk zanen da ta tara, wasu da maiƙon tsire a jiki, ta jera su a tabarma. Ƙeya, ƙeya, ƙeya, har bakin gado.

Na fara cewa ta yafe mini, zazzaɓin da na ce. Ta ɗaga hannu.

"Jibo, ni na haihe shi. Ranar da anka kawo adakag ga na ga yadda yaron yaj ja ka bayan gida. Kai kaka ɓoye mani, ni ina ɓoye maka, don na ga ba ka iyawa."

Na ce zan kai ƙarar proje, zan rubuta, zan sa su nemi gafara. Ta ce in bar mutane, wancan mai haƙora ba ta san shi ba, ɗan wata ne, Allah ya ba uwarsa haƙuri. Ta ce da ni take magana. Shekara uku yana kwance a kabari, ni ina ta tashinsa ina ɗora masa kaya ina kora shi tasha, ita kuma tana tambaya ina ya kwana don kada in ji kunya.

Ta ce in zana shi yana shigowa.

Na zauna, hannuna ya ƙi. Na gano ƙeyar ce kawai ta rage mini, fuskar ta tafi tuni. Sai ta matso ta shiga faɗa mini. Goshin ya fi haka faɗi. Hancin na babanmu ne, ba nata ba. Akwai tabo ƙarƙashin idon hagu. Kada in buɗe masa baki, ba ya dariya da haƙora. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba, ba abin da ta manta, har yadda kunnensa ɗaya ya ɗan karkata. Na yi ta gogewa ina gyarawa har ya fito, yana tsaye bakin ƙofarmu, kafaɗar hagu a saɓule, yana dubanmu.

Bisa sabo na zana masa adakar a ka. Ta sa yatsa a kanta.

"Sauke ma Sa'idu kayan ga," in ji ta. "Ya iso."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na goge adakar, na sake zana ta a ƙasa, kusa da ƙafarsa.